Yadda Nomau Ya Ɗauki Fuskar Inna Tabawa

A Rafin Ɗinya katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Inna Tabawa, kuma katangar gajeriya ce, don haka kada kowa ya tambaye ni inda na samo wannan labari. 'Ya'yan Inna uku ne. Babban shi ne Malam Ilu mai hoto, wanda duk yankin nan shi ake kira in ana biki ko suna, a zamanin da hoto sai an sa fim an aika birni an wanko. Mai bi masa ita ce Delu, wadda aure ya kai ta Kumasi, nisa da hidimar 'ya'ya suka hana ta leƙo gida shekara da shekaru. Sai auta, Nomau, magidanci da gemunsa da matarsa Kande. Nomau ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, a gona kuwa ba a haɗa kunya da shi. Matsalarsa ɗaya ce, duk abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a bakin hanya ka manta, gobe can za ka same shi yana korar ƙuda.

A daminar da nake ba ku labari, Alhaji Barmo mai fataucin goro ya dawo daga Kumasi da saƙon Delu. Ta ce ba ta son zane, ba ta son daddawa, hoton mahaifiyarta take so, wanda za ta ga fuskarta. Ta faɗi haka ne domin an sha aika mata hotuna, amma Inna baƙa ce wuluk, kuma ba ta yarda a ɗauke ta sai cikin farin mayafinta, a tsakar gida, rana na dukanta. Duk hoton da aka wanko sai a ga mayafi fari fat yana tsaye, a samansa wani dunƙulen duhu da aka ce shi ne Inna. Alhaji Barmo sau ɗaya yake zuwa Kumasi a shekara, tafiyarsa ta matso, Inna kuma tsufa ya fara taɓa ta sosai. Ana cikin haka apolo ya kama Malam Ilu, idanunsa suka kumbura suka yi jawur, ko ƙofar ɗaki ba ya iya kallo. Fim guda ya rage masa. Ya zauna a ɗaki da tsumma a fuska ya yi tunani ya yi tunani, ya ce da babu gara ba daɗi, a kira masa Nomau.

Wata rana, ranar farko ke nan ta koyo, Malam Ilu ya lalubo kyamarorinsa biyu. Ɗaya tsohuwa ce ta ƙarfe, mai nauyin tsiya, yana kiranta Guduma. Ita ba ta da abin auna haske, mai ita ne zai dubi gari ya ƙiyasta, shi ya sa Malam Ilu ke sonta, ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ɗayar kuwa 'Yar Allura ce, marar nauyi, tana cin ɗan ƙaramin batir, in ka leƙa tagarta za ka ga wata siririyar allura a gefe tana hawa da sauka gwargwadon hasken da ke gabanta. Ya ɗora wa Nomau su a hannu ya ce kada ya ajiye su sai ya gane wadda ta fi zama a hannunsa. Nomau ya fita da Guduma a dama, 'Yar Allura a hagu. Aka kawo koko, Kande ce ta riƙa ɗura masa da ludayi. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya roƙi mai wucewa ya kore masa. Da azahar ta yi ya tsaya a bakin randa yana kallon buta kamar zai yi kuka, sannan ya koma ƙofar yayansa.

"Yaya, na gane. Guduma ba ta rawa a hannu, amma kafaɗata ta mutu. 'Yar Allura ba ta gajiyar da ni, amma ko atishawa na tuna sai ta girgiza."

"To ai ka gane tun ɗazu. Me ya hana ka ajiyewa?"

"Ba ka ce in na gane a ina zan ajiye ba."

Wata rana Malam Ilu ya ce a fara da Guduma, tunda ba fim a cikinta, ko an yi ɓarna ba asara. Ya koya masa karatun inuwa. Ya ce ya dubi inuwarsa a ƙasa, in ta fito baƙa ƙirin da bakinta a yanke, rana ta yi ƙarfi, ya juya zoben da ke buɗe ƙofar hasken kyamara zuwa lamba sha shida. In ta yi dishi-dishi, takwas. In babu inuwa sam, gari ya lumshe ke nan, ya buɗe ƙofar duka. Nomau ya haddace kamar karatun allo, ya fita kasuwa daidai lokacin da rana ta take tsaka. Ya duba gabansa ba inuwa, ya waiwaya ba inuwa, domin ta shige ƙarƙashin babbar rigarsa ta laɓe. Ya zagaya rumfar masu gishiri yana tambaya ko an ga inuwarsa, 'yan kasuwa suna nuna masa gabas da yamma suna ƙyaƙyata dariya. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa gari ya lumshe, ya buɗe ƙofar haske har ƙarshenta, alhali gumi na zuba daga gemunsa. Da ya dawo ya ba da rahoto, Malam Ilu ya ce da akwai fim a ciki, da hoton ya fito fari kamar an zubar da nono a kan takarda. Ya karɓe Gudumarsa ya tura ƙarƙashin gado, ya ce ita wannan sai mai ido da kai, a ba shi wadda za ta yi masa tunanin.

Wata rana da sassafe aka miƙa wa Nomau 'Yar Allura ya leƙa tagarta. A tsakiyar tagar akwai wani ɗan da'ira da ke raba abu biyu, sama ta goce da ƙasa, sai ka juya gaban kyamara su haɗe, a nan ne hoto zai fito tas. Ba a riga an gaya wa Nomau haka ba. Ya saita ta kan Kande tana daka, sai muka ji salati daga bayan katanga. Wai taɓarya ta karye a tsakiya, kuma Kande na ci gaba da daka da ita. Ya sauke kyamara, taɓarya lafiya lau. Ya ɗaga, ta sake karyewa. Kande ta ce in dai wannan abin ne ke karya mata kaya daga nesa, ya kawar da shi daga kan tukwanenta. Malam Ilu ya yi masa bayani daga cikin ɗaki, ya ce ya juya gaban a hankali har karayar ta ɗoru. Nomau ya juya, taɓarya ta haɗe. Tun daga ranar ya ɗauki kansa a matsayin maɗori, ya wuni yana ɗora ƙafar akuya da sandar makaho da turken jaki, ba ya karɓar ko sisi.

Wata rana Malam Ilu ya ga lokaci na ƙurewa, ya laluba ya sa fim ɗin nan guda. Ya ce a gwada da Cindo tela, wanda ya sayi sabon keken hawa yana ta naci a ɗauke shi. Ya ja wa Nomau kunne ya ce, "Kada ka kuskura ka latsa sai allura ta tsaya a tsakiya." Cindo ya sha wanka, ya sa hula, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan feda da hantsi. Nomau ya leƙa, allura tana can sama. Mai hankali zai juya zobe ya sauko da ita, amma maganar zobe tun kwanakin baya aka yi ta, yau kuwa cewa aka yi sai ta tsaya. Ya tsaya jiran ta. Cindo ya gyara murmushi har kumatunsa suka ƙage, ya sauya ƙafa, ya tambaya ko an kusa. Nomau ya ce saura kaɗan, ta ɗan motsa. Rana ta hau, hula ta jiƙe, masu kawo ɗinki suka taru a shago suna aike a kira shi. Sai bayan la'asar hadari ya taso daga gabas ya rufe rana, allura ta gangaro da kanta ta zauna a tsakiya, Nomau ya latsa da murna. Cindo ya daɗe da tafiya. Abin da ke wurin bango ne da wata tunkiya da ta zo fakewa.

Wata rana Malam Ilu ya ce wa Nomau mai hoto rana yake ba baya, kada ya yarda ta dube shi a ido. Kashegari da safe Kande ta aike shi gidan yayarta a unguwar gabas, ya rataya kyamara ya kama hanya da baya da baya, yana gaida mutane bayan ya wuce su. Ya ture ƙwaryar mai fura, ya taka jelar kare, ya ƙarasa cikin kududdufin bayan makarantar allo har iya ƙirji. Abin da zan yaba masa, hannunsa na sama, ko ɗigon ruwa bai taɓa 'Yar Allura ba. Da aka zo ciro shi ya ƙi juyowa ya kama igiya, sai da aka zagaya ta yamma aka jefa masa.

Wata rana aka yi suna a gidan Sarkin Aska, mata suka aiko lallai a zo a ɗauke su. Malam Ilu ya tuna da rawar hannun 'Yar Allura, ya ce wa Nomau in ya ɗaga zai ɗauka, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari ya riƙe numfashi har sai ya latsa. Wanda ya san matan Rafin Ɗinya ya san ba a tara su a layi cikin gaggawa. Nomau ya ɗaga kyamara ya ɗauke numfashi. Wannan ta ce a dakata ta gyara ɗankwali, waccan ta ce ba za ta tsaya kusa da wance ba, aka ce ina mai jego, aka tafi kiranta. Idanun Nomau suka firfito, jijiyar wuyansa ta miƙe. Daidai lokacin da aka fito da jariri ya sulale ƙasa, yatsansa ya danna yana faɗuwa. Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko yanzu an yarda ya shaƙa. Hoton da ya samu a ranar na sararin sama ne da reshen dalbejiya.

Wata rana kuma aka yi ɓarnar da ta fi kowacce, kuma ni a ganina rabin laifin na Malam Ilu ne. Tun farko ya ce wa Nomau duk lokacin da ya latsa, ya ja hannun nan na sama ya ɗana ta, don fim ya matsa gaba. Wani lokaci dabam kuma ya ce kada ya ajiye kyamara a ɗane, yana gajiyar da ƙarfen cikinta. Da yamma Nomau ya zo ajiyewa, ya ga tana ɗane. Ya latsa don ta saki. Da ya latsa sai ya tuna doka ta farko, ya ɗana. Da ya ɗana sai ya tuna ta biyu, ya latsa. Haka ya zauna a kan turmi, ƙas, ƙirr, ƙas, ƙirr, zufa na karyo masa, yana neman ƙofar fita daga tsakanin dokokin yayansa. Malam Ilu ya jiyo sautin daga ɗaki, ya fito a guje da tsumma a ido, ya yi karo da randa, ya fizge kyamarar. Ya ƙwala mini kira ta kan katanga in zo in karanta masa lambar da ke sama. Na karanta. Ya ce saura hoto ɗaya ke nan.

Motar da za ta kai fim birni kashegari za ta tashi, in an rasa ta an rasa Alhaji Barmo, sai baɗi, kuma ba wanda ya ce komai game da baɗi a gaban Inna. Nomau ya koma gefe ya haɗa kai da gwiwa. Na ji tausayinsa ƙwarai, domin bai taɓa saɓa wa kowa ba a rayuwarsa, kuma kullum shi ne mai laifi. Inna ce ta dafa kansa ta ce, "Tashi, Auta. Ɗaya ma rabo ne."

Da safe Inna ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta sa takalmin da Delu ta aiko, ta yafa farin mayafin nan, ta tsaya a tsakar gida ƙiƙam, fuska a murtuke, yadda mutanenmu ke tsayawa in za a ɗauke su. A garinmu hoto daga kai har ƙafa ne. A ga zane, a ga takalmi, a ga agogo in akwai. Wanda aka yanke wa ƙafa a hoto ba ya biya, wani ma sai ya yi fushi ya ce an yi masa fatan tsiya.

Malam Ilu ya zauna a bakin ƙofa ya ce yau ya gano abin da ke cinye fuskar Inna, kwanan da ya yi a duhu bai tafi a banza ba. Ya ce allurar nan ita ma sakarya ce irin Nomau, abin da aka nuna mata shi take gaskatawa. Tana ganin farin mayafi sai ta ce haske ya yi yawa, a rage, ana ragewa fuska ta nutse. Da Guduma ma, in yana ƙiyasin haske, shi kansa mayafin yake kallo. Dabarar ita ce a hana allura ganin mayafi.

"Ka saurara da kyau," in ji shi. "Ka kai Inna inuwar zaure. Ka matsa kusa da ita har fuskarta ta cika taga. Ka juya zobe da hannunka, da hannunka na ce, har allura ta zo tsakiya. Ka ɗora karaya. Ka riƙe numfashi, ka latsa, ka saki numfashi."

Ya lissafa komai, har da sakin numfashi. Abin da bai faɗa ba shi ne in an gama auna hasken a ja da baya a ɗauko mutum gaba ɗaya. Bai ga dalilin faɗa ba, ko yaro ya san wannan.

Nomau ya kai Inna inuwa, ya matsa, ya ƙara matsawa, har ta fara jin ƙamshin ƙosan da ya ci. Ya juya zobe, allura ta zauna. Sai muka ji ya ce, "Inna, hancinki ya karye. Kada ki motsa, yanzu zan ɗora miki." Inna ta yi ƙoƙarin riƙe fuskar hoto, ta cije leɓe, abin ya fi ƙarfinta, ta tuntsire da dariya irin wadda rabon da mu ji tun Delu na gida. Nomau ya ɗora hanci, ya ɗauke numfashi, ya latsa.

Da Kande ta gaya wa Malam Ilu daga inda aka latsa, sai ya dafe kai. Ya ce shi ke nan, an yanke wa tsohuwa ƙafafu da hannuwa, an zubar masa da sunan da ya daɗe yana tarawa. Da aka wanko fim, idonsa ya fara washewa, ya zauna yana ɗaga katunan ɗaya bayan ɗaya: tunkiya, reshen dalbejiya, sai ƙafar Nomau da gindin turmi, tuli guda. Na ƙarshe fuskar Inna ce ta cika kati. Ba zane, ba takalmi, mayafin ma ɗan bakinsa kawai. Ga tsagar kumatunta a fili, ga tamoji a gefen ido, ga giɓin haƙoran da suka zube, ga furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, tana dariya. Malam Ilu ya daɗe yana kallo. Ya ce haske dai ya zauna daidai, amma wannan abin kunya ne a kai ƙasar mutane. Inna ta ce ai ba shi aka aika wa ba. Alhaji Barmo ya sa kati a aljihun gaba ya tafi.

Wata rana bayan an gama girbi, motar goro ta tsaya a bakin kasuwa, aka ga Alhaji Barmo ya sauko yana taimaka wa wata mata da ƙullin kaya da yara biyu. Sai da ta yi sallama a ƙofar gida muka gane muryar. Delu ce. Ta durƙusa gaban Inna ta kama fuskarta da hannu biyu tana shafawa tana kuka, mu ma da ke kan katanga muka yi ta share hawaye. Da ta natsu ta ciro katin daga cikin zaninta, duk ya lanƙwashe don yawan dubawa. Ta ce duk hotunan baya mayafi take gani a tsaye kyam, sai ta ce a ranta Inna na nan yadda ta bar ta, baɗi ma ta je. Da ta ga wannan, ta ƙirga haƙoran da babu, ta ga furfurar, ta kasa cin abinci, ta ce wa maigidanta ko da ƙafa ne sai ta taho. Alhaji Barmo ya ce shi shekara nawa yana gaya mata tsohuwa ta tsufa, amma gani ya kori ji.

Delu ta tambayi Nomau wa ya koya masa wannan dabara. Ya ce shi bai san wata dabara ba, Yaya ne bai ce ya ja da baya ba.

Da la'asar Malam Ilu ya jawo Guduma daga ƙarƙashin gado, ya sa sabon fim, ya dubi inuwa ya ƙiyasta, ya jera Inna da Delu da yaran a bakin zaure. Ya leƙa ya ga Nomau ya rakuɓe can gefe, ya ce masa ya matsa kusa da Inna. Nomau ya matsa, ya ƙara matsawa, har gemunsa ya manne da kumatunta. Malam Ilu ya buɗe baki zai ce ya ja da baya, sai ya rufe bakinsa, ya tako gaba shi ma, ya latsa.